Rumbu da Amana: Yunwa da Wawaso Bayan Bala'i, Daga Mahangar Kudancin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi abin da ke sa jama'a su fasa ma'ajiyar abinci bayan ambaliya ko guguwa, ta kuma auna hakan da halin da ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa suke ciki. Matsayarta ita ce, ruwa da iska suna rusa gida da gona, amma wawaso yana ɓarkewa ne a inda abinci yake kulle a gaban mai jin yunwa, shi kuwa ya riga ya fid da rai cewa rabonsa zai iso gare shi. Don haka kariyar da yankin yake buƙata ita ce hatsin da aka tanada kusa da jama'a, da rabon da jama'a suka amince da shi.

Gabatarwa

A ranar 1 ga Agusta, 2024, zanga-zangar tsadar rayuwa da aka fara a birnin Kano ta rikiɗe cikin 'yan sa'o'i. Aka fasa shaguna da ma'ajiyai, aka shiga cibiyar fasahar zamani ta Hukumar Sadarwa ta Ƙasa aka kwashe kujeru da kwamfutoci, har ta kai Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa dokar hana fita ta sa'a 24. A ranar babu madatsar da ta ɓalle, babu guguwar da ta yaye rufin kowa. Tsadar abinci kaɗai, wadda hauhawarta ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar wannan shekara, ta isa ta kai birni ga wannan hali. Duk mai tunani dole ya tambayi kansa: idan aka kai nan ba tare da ambaliya ba, ina za a kai ranar da ruwa ya sauka a kan yunwa? Wannan tambaya ta fi shafar kudancin Kano, domin a can ne manyan ruwayen jihar suke kwance, a can ne kuma ake noma kaso mai tsoka na abincinta.

Abin da Manyan Bala'o'i Suka Nuna

Ƙasar Hausa ba ta san irin mahaukaciyar guguwar teku ba, amma akwai darasi a abin da ya sami waɗanda suka san ta. A ƙarshen Agustan 2005 guguwar Katrina ta afka wa birnin New Orleans na Amurka, shingayen ruwa suka fashe, ruwa ya shanye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin. Kafofin watsa labarai suka cika duniya da labarin kashe-kashe da fyaɗe a babban filin wasan da jama'a suka fake. Da ƙura ta lafa aka bincika, sai aka tarar yawancin labaran ƙanzon kurege ne. An yi sata, babu musu, amma da yawa daga waɗanda suka shiga kantuna ruwan sha da abinci da magani suka ɗauko, bayan kwanaki suna jiran agajin da bai zo ba. Jita-jitar kuwa ta yi tata ɓarnar: ta sa masu ceto ɗari-ɗari, kuma a cikin wannan ruɗani ne 'yan sanda suka harbi mutanen da ba su ɗauke da makami a gadar Danziger, biyu suka rasu.

A Nuwamban 2013 guguwar Haiyan ta hallaka mutum fiye da 6,000 a ƙasar Filifin. Kwanaki kaɗan bayan haka dubban mutane suka afka wa wata ma'ajiyar shinkafa ta gwamnati a garin Alangalang, bango ya rufta, mutum takwas suka mutu. Shinkafar tana nan tun kafin guguwar. Hanyar da za ta bi ta isa tukunyar mayunwata ce ta toshe.

Wannan shi ne abin da masanin tattalin arziki Amartya Sen ya kafa hujja a kansa a littafinsa na 1981, inda ya nazarci yunwar Bengal ta 1943: sau da yawa mutane suna mutuwa da yunwa alhali hatsi yana cikin ƙasa, saboda ƙarfin mallakarsa ya kuɓuce musu. Shi kuma masanin tarihi E. P. Thompson ya nuna a 1971 cewa boren abinci na Ingila a ƙarni na 18 yana da nasa ma'auni na adalci, har masu boren sukan ƙwace hatsi su sayar a farashin da suke ganin ya dace, su miƙa wa mai kaya kuɗinsa. Mu ma mun ga namu a Oktoban 2020, lokacin da aka fasa ma'ajiyoyin tallafin korona a Jos da Kaduna da Abuja da Legas. Gwamnoni sun ce ajiye kayan aka yi ana jiran lokacin rabo. Ko da hakan gaskiya ne, jama'a ba su yarda ba, kuma wannan rashin yarda shi ya ɓalle ƙofofin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kudancin Kano: Mai Noma da Ke Awo

Yankin Doguwa da Tudun Wada ya fi sauran sassan jihar samun ruwan sama. Masara da shinkafa da dawa da rake da waken soya suna yi sosai a can. Kogin Kano yana gangarowa ta dajin Falgore ya zuba a madatsar Tiga da ke ƙasar Bebeji, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala a 1974, kuma da ruwanta ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Wannan ni'ima tana tafe da hatsarinta. A Agustan 1988 madatsar Bagauda, ita ma a ƙasar Bebeji, ta ɓalle bayan mamakon ruwa, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. A Satumban 2024 madatsar Alau ta tuna wa kowa irin wannan rana, sa'ad da ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, har fursunoni fiye da 200 suka tsere daga gidan yari. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Amma babban raunin yankin yana cikin kalandar noma. Da kaka ƙaramin manomi yakan kai hatsinsa kasuwa tun bai gama bushewa ba, domin bashin taki yana wuyansa, ga kuɗin 'yan ƙwadago, ga auren 'ya, ga kuɗin makaranta. A lokacin farashi yana ƙasa. 'Yan kwarami su saya, manyan motoci su ɗauka ta Kwanar Ɗangora, hatsin ya sauka a kasuwar Dawanau ko ya wuce Kudu ko ya tsallaka iyaka. Kafin damina ta yi nisa rumbun gida ya ƙare, manomin da ya sayar da buhu ya koma awo da kwano a farashin da ya ɗara wanda ya sayar nesa ba kusa ba. Agusta da Satumba, watannin marka da ambaliya, su ne kuma watannin da sabon amfani bai nuna ba, tsohon ya ƙare, ake rufa wa tuwo baya da kwaɗon rama da tafasa da zogale. Bala'in ruwa a ƙasar nan yana zuwa ne daidai lokacin da gida ya fi kowane lokaci rauni. Idan gada ɗaya ta karye a hanyar da ta ratsa Falgore, ƙauyukan da suka ciyar da birni da kaka za su iya wayar gari babu abin sawa a bakin salati, hatsinsu yana can a kulle a ma'ajiyar wani.

Tarihi ya riga ya nuna mana wannan. Bahaushe ya raɗa wa manyan yunwace-yunwacensa suna don kada a manta: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da 'Yan Buhu ta 1927, da 'Yar Gusau ta 1942. A littafinsa na 1983 a kan yunwa a arewacin Nijeriya, wanda ya gina a kan binciken da ya yi a ƙasar Katsina, masani Michael Watts ya nuna cewa fari tsohon baƙo ne a nan. Abin da ya sauya a zamanin Turawa shi ne garkuwar talaka. Harajin tsabar kuɗi da noman gyaɗa, wanda ya bunƙasa bayan isowar jirgin ƙasa Kano, sun tilasta wa manomi sayar da abin da a da yake ajiyewa, suka kuma raunana gandu da rumbun sarauta da sauran hanyoyin da ake tallafar wanda damina ta ci amanarsa. Yau bashin taki ya maye gurbin haraji, amma sakamakon ɗaya ne. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ya ƙara wa wutar itace, har a farkon 2024 mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a Kano saboda tsadar fulawa, magidanta kuma suka koma sayen afafata, ɓarzajjiyar shinkafar da a da ba a kallonta a matsayin abincin mutum.

Ganima ko Wawaso?

Mai karatu zai iya cewa wannan bayani ya yi kama da wanke ɓarawo. Kujera da kwamfuta ba abinci ba ne, kuma wanda ya fasa shagon maƙwabcinsa bai rage yunwar kowa ba. Wannan suka tana da ƙarfi, dole a karɓe ta. A kowane wawaso akwai mayunwaci, akwai ɗan daba da ya sami dama, akwai kuma mai sayen kayan sata da ke jira a lungu. Wanda ya fi cutuwa shi ne ƙaramin ɗan kasuwa da jarinsa ya tafi a wuni ɗaya, da tsohuwa da gurgu da mai jego waɗanda ba za su iya turereniya ba. Wawaso rabo ne na mai ƙarfi. Yakan kuma cinye masu yin sa, kamar yadda aka gani a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka ƙone wajen kwasar man tankar da ta faɗi.

Abin takaici ne yadda kalmar ganima ta shiga bakin matasan Kano, musamman tun rushe-rushen gine-ginen da aka yi a birnin a 2023, ana kiran kwasar kayan mutane da ita. Ganima tana da ma'anarta da sharuɗɗanta a fiƙihu, kuma dukiyar maƙwabci ko ta al'umma ba ta cikinsu. Wajibi ne malamai su warware wannan ruɗani a kan mumbari.

Sai dai shari'ar da ta haramta sata ita ce ta haramta ɓoye abinci don a jira tsada. A shekarar yunwar da aka sani da Shekarar Toka, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya dakatar da haddin sata, ya aika wa gwamnoninsa su turo abinci Madina, ya kuma tsaya da kansa a kan ciyar da jama'a. Ya fara sauke haƙƙin ciki kafin ya zartar da hukuncin hannu. Ƙissar Annabi Yusufu, aminci ya tabbata a gare shi, ita ma darasin tanadi ce: a ajiye a shekarun yalwa domin shekarun ƙunci. A Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu ma'ajiyai a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, gwamnatin tarayya kuma ta ba da umarnin fitar da tan 42,000 na hatsi daga rumbunanta. Duka matakan sun zo ne bayan jama'a sun riga sun fusata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da Ya Kamata a Yi

Na farko, a mayar da tanadi kusa da jama'a. Kowace gunduma a waɗannan ƙananan hukumomi huɗu tana buƙatar rumbun al'umma a kan tudu, nesa da hanyar ruwa, wanda za a cika da kaka a buɗe da marka. Zakkar amfanin gona kaɗai, idan an tattara ta da tsari ta hannun dagatai da limamai da Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha, za ta kafa tushe mai ƙarfi.

Na biyu, a fito da rabo fili. A san buhu nawa ya shiga, a karanta sunayen masu karɓa a gaban jama'a, mata su kasance cikin kwamiti domin su suka san gidan da ba a hura wuta ba. Tallafin da ya bi ta hannun ɗan siyasa ya tsaya a gidan magoya baya, shi ke shuka irin wawason gobe.

Na uku, a sauƙaƙa wa manomi bashin da ke tilasta masa karyar da amfaninsa. Ƙungiyoyin manoma za su iya karɓar hatsi a ajiye, a ba mai shi wani kaso na kuɗinsa ya biya buƙata, ya sayar idan farashi ya daidaita.

Na huɗu, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta riƙa bayyana wa jama'a halin da madatsar Tiga take ciki kowace damina, hasashen hukumar kula da yanayi kuma ya isa ƙauye da Hausa ta rediyo da masallaci da bakin mai unguwa. Sahihin labari da ya zo da wuri yana kashe jita-jita, ita kuwa jita-jita mun ga abin da ta jawo a New Orleans.

Kammalawa

Babu mai iya hana hadari haɗuwa, kuma jarrabawa daga Allah take. Amma abin da mutane za su yi wa juna bayan ruwa ya janye, mu muke rubuta shi tun da kaka. Al'ummar da ta san inda hatsinta yake, ta san mai riƙe da mabuɗi, ta kuma taɓa ganin an raba da gaskiya, za ta yi layi ta jira. Wadda aka saba yaudara za ta ɓalle ƙofa, mai rauni ya tashi hannu rabbana. Kira a nan ga hakimai da dagatai, da shugabannin ƙananan hukumomi, da malamai da attajiran Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, shi ne su fara gina rumbun al'umma daga wannan kakar, su kuma riƙe amanarsa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga yunwa da fitina.