Digirin Digirgir a Ilimin Ƙwayoyin Cuta da Garkuwar Jiki a Nijar

Digirin digirgir a ilimin ƙwayoyin cuta da garkuwar jiki shi ne matakin ƙarshe na karatun jami'a a wannan fanni. A Nijar ana bin tsarin LMD: shekara 3 na lisans, 2 na masta, sannan aƙalla 3 na bincike, wanda ɗalibi ke karewa a gaban kwamitin malamai.

Ɗalibin da ya taso daga Madawa, Buza ko Keita a jihar Tawa, yawanci sai ya nufi Yamai, inda Jami'ar Abdou Moumouni take, da kuma cibiyar bincike ta CERMES, wadda ke cikin ƙawancen cibiyoyin Pasteur. Wasu kan ƙarasa a Dakar ko Faransa.

Sanƙarau na cikin cututtukan da ke jan hankalin masu wannan bincike, kuma da dalili, domin Nijar na cikin zirin da cutar ke addaba da rani, lokacin ƙura da zafi. Aikin yakan faro ne daga ɗan ruwan da likita ke zuƙowa da allura daga gadon bayan mara lafiya. Na mai lafiya garau yake kamar ruwan sha. Na mai sanƙarau sai a gan shi gurɓatacce. A ɗakin gwaje-gwaje ake gano irin ƙwayar, domin kowane iri da rigakafin da ke maganinsa. Allurar MenAfriVac, da aka fara yi a Nijar a 2010, ta karya lagon nau'in A, amma a 2015 nau'in C ya haddasa babbar annoba a ƙasar.