Tsinken Gilashi a Aljihun Malamin Dabbobi

Kafin ma'aunin zafi ya shigo sana'armu, hannu ne ma'auni. Makiyayi zai kama gindin kunnen saniya, ya taɓa tushen ƙaho, ya duba ko hancinta ya bushe, ko ta daina tuƙa. Ban taɓa raina wannan ilimi ba, har gobe ni ma da shi nake farawa. Sai dai hannu ba ya jin zazzaɓi sai ya yi nisa, cutar bushiya kuwa ba ta jiran kowa.

Ita bushiyar ce ta sa mana tsinken gilashi a aljihu. A 1865 ta afka wa shanun Ingila, hukuma ta sa masana bincike. Ɗaya daga cikinsu, John Burdon Sanderson, ya lura cewa zafin jikin saniya yana hawa tun tana kiwo lafiya lau, ba hawaye, ba dalala, ba zawo. Wato ana iya ware ta daga garke kafin ido ya ga komai. Daga nan likitocin dabbobi suka rungumi ma'aunin.

A ƙasarmu, cutar ta share garkuna wajen 1890, ta bar Fulani da yawa da sanda kawai. Da aka kafa cibiyar binciken dabbobi a Vom a 1924, babban aikinta yaƙi da bushiya ne, kuma rigakafin lokacin abin tsoro ne. Allura biyu ake yi wa saniya a tare: jinin dabbar da cutar ke ci, da ruwan jinin wadda ta warke. Ana so ta kamu kaɗan, ta tashi. To ta yaya za a san wadda za a ɗebi jininta? Sai wadda zazzaɓinta ya kai ƙololuwa. Ta yaya za a san allurar ta kama? Sai an ga zafi ya hau bayan 'yan kwanaki. Don haka malaman dabbobi ke fita da asuba, suna bin shanu a turke ɗaya bayan ɗaya, suna rubuta lamba a littafi. Ko da aka koma raunana ƙwayar cutar a jikin awaki, ma'aunin ne ke faɗin ranar da za a yanka akuya a ciri saifarta.

Rigakafin Walter Plowright, wanda ba ya kwantar da dabba, shi ya rage wannan wahala. Gangamin rigakafi na JP15 ya tashi a 1962 daga ƙasashen Tafkin Chadi, Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi. Cutar ta sake dawowa a 1983 ta yi ɓarna, kafin a bayyana a 2011 cewa ta ƙare a duniya.

Ma'aunin bai yi ritaya tare da ita ba. Yadda aka koya mana, sai ka yarfa shi har zaibar ta sauka, ka shafa masa mai, ka ɗaga wutsiya, ka zura a dubura, ka karkata shi ya jingina da nama. In ya nutse cikin kashi, zafin kashin za ka karanta. Tsofaffin malamai kan ɗaura masa zare su maƙale a gashin wutsiya, domin saniya tana iya turo shi ƙasa ta taka, kuma samun wani sai an je birni.

Lambar ma tana da sharaɗi. Saniya mai lafiya tana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗan ɗoriya, akuya da tunkiya sukan kusanci 40, kaza kuwa 41 ne lafiyarta. Bunajin da aka koro daga kara da tsakar rana a watan Afrilu zai nuna maka zazzaɓin da ba shi da shi, shi ya sa muke aunawa da sanyin safiya. Raƙumi ya fi kowa ruɗa sabon shiga: in yana jin ƙishi, yakan kwana a 34 ya haura 40 da la'asar, kuma ba abin da ke damunsa. Sannan zafin da ya faɗi ƙasa a jikin dabbar da ke kwance ya fi tayar min da hankali a kan wanda ya hau.

Yanzu na batir ya maye gurbin na zaiba, yana ƙara cikin daƙiƙoƙi. A manyan gonakin Turai har na'ura ake ɗura wa saniya ta zauna a tumbi, tana aika zafinta zuwa waya. Bindigar auna goshi da ta yaɗu lokacin korona kuwa, a jikin saniya zafin gashi da rana take karantawa.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne masu yawo kasuwa-kasuwa da jaka cike da allurai, ba ma'auni ko ɗaya a ciki. Saniya ta ƙi ci, sai a danna mata Terramycin, ko sammore ne, ko ciwon hanta, ko leda ta haɗiya. Kuɗin ma'aunin bai kai na kwalbar maganin da suke zuƙa ba.