Mas'alar Ceto Bayanai daga Faifan Kwamfuta da Ya Lalace: Nazari kan Halin Ɗan Kassari a Ƙasar Arewa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bahasi a kan abin da ya dace mai kwamfuta ya aikata da hannunsa, da abin da ya wajaba ya bari, idan faifan ajiya ya lalace a wurin da babu ɗakin aiki na ƙwararru. Hujjarta ita ce, kwafe bayanai yana gaba da gyara.

Muƙaddima

Ɗan Kassari gari ne na karkara a gundumar Dogon Dutsi ta jihar Doso, a kan babbar hanya mai zuwa Birnin Ƙonni, kuma a yankinsa ne Lugu take, inda Sarauniya ta fuskanci rundunar Voulet da Chanoine a shekarar 1899. Ƙasa mai tarihi irin wannan, in aka ɗauki muryoyin dattawanta, ko aka rubuta takardun haihuwa da sunayen 'yan lakwal, aka tara su duka cikin faifai guda, haƙiƙa an ɗora wa ɗan ƙarfe amana mai nauyi, alhali ƙurar hunturu da zafin bazara da hauhawar wutar inji suna jiransa.

Bahasi

Tun da kamfanin IBM ya fito da faifan ajiya na farko a 1956, asalin aikinsa bai sake ba: tasoshi ne masu maganaɗisu, waɗanda a yau yawancinsu ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan kai mai karatu da ke shawagi a kansu, tsakaninsa da tasa a yau bai kai nanomita 10 ba. Ƙwayar ƙura mai kaurin maikiromita 1, wadda ido ba ya iya gani, ta ninka wannan rata fiye da sau 100. Saboda haka duk wanda ya kwance murfin faifai a kan tebur ko tabarma, ko da ya rufe ƙofa da taga, ko da niyyarsa ta alheri ce, to ya shigar da abin da zai karce tasa da zarar ta juya, abin da aka karce kuwa ya tafi ke nan har abada.

Illar faifai iri biyu ce. In jikinsa lafiya lau yake, sai dai an goge bayanai bisa kuskure ko tsarinsu ya rikice, akwai damar ijtihadi: manhajojin TestDisk da PhotoRec na Christophe Grenier, mutumin Faransa, kyauta ne, kuma suna da amfani ƙwarai. Amma sharaɗi shi ne a fara kwafe faifan gaba ɗaya zuwa wani lafiyayye da manhajar ddrescue, wadda ke ɗebo wuraren da ke karantuwa tukuna sannan ta koma wa masu wuya, kamar yadda malami ke juya tsohon littafin da gara ta taɓa kafin ya yi tunanin ɗinke shi. A kan kwafin ake gwaji.

In kuwa aka kunna aka ji yana ƙas-ƙas-ƙas, alama ce galibi ta cewa kan karatu ya samu rauni, kuma kowace kunnawa ƙarin ɓarna ce. Sanya shi cikin firji, wanda wasu ke ba da shawara, raɓa yake tara masa. Musanya allon lantarkinsa da na wani ma ba ya wadatarwa a faifan zamani, domin kowane allo na ɗauke da ƙwayar da ta haddace ma'aunan faifansa shi kaɗai, sai an ciro ta an dasa a sabon.

Kada kuma a dogara ga gargaɗin na'ura. Binciken da Pinheiro da Weber da Barroso na kamfanin Google suka wallafa a 2007, a kan faifai fiye da 100,000, ya nuna cewa kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna alama ko ɗaya a ma'aunan lafiyarsu ba.

A ganina, abin da ya fi zama wajibi ga ma'aikacin ofishin magajin gari da malamin lakwal a Ɗan Kassari shi ne su ajiye kwafi biyu na kowane muhimmin bayani, ɗaya a wani gida dabam. In faifai ya fara ƙara, a kashe shi nan take, a naɗe shi, kada a kwance ko da kusa ɗaya, har ya isa hannun mai ɗakin aiki da ƙura ba ta shiga.