Daga Magewayi Zuwa Infoma: Tarihin Kalmomin Leƙen Asiri a Kudancin Katsina

Gabatarwa

A cikin wannan takarda za mu yi ƙoƙari mu bi diddigin kalmomin da Bahaushe yake amfani da su a kan asiri da leƙensa, musamman a ƙasar noma ta Funtuwa da Malumfashi. Ra'ayinmu shi ne, kowace kalma a cikinsu tana nuna wanda mai leƙen yake yi wa aiki a zamaninta, kuma tun daga 1903 yawancin sababbin kalmomin daga Ingilishi aka aro su.

Kafin Zuwan Turawa

Kalmomin asiri da sirri tushensu guda ne a Larabci, kuma ta hannun malamai suka shigo Hausa. Malaman nan suna da hanyarsu ta ɓoye magana, watau hisabi, inda kowane harafi yake da adadinsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4. Da wannan ne marubuta waƙoƙi suke saka shekarar da suka gama waƙa a cikin kalma guda, abin da ake kira ramzi. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya wallafa littafi a kan hatimin lissafi a 1732. Matasa kuwa suna da zaurance, inda akan juya gaɓoɓin kalma, gida ta koma dagi, ko kuwa a cusa wata gaɓa a tsakani.

Abin sha'awa a nan shi ne, kalmar Ingilishi cipher, wadda take nufin ɓoyayyen rubutu, da kalmarmu sifiri, duk daga kalmar Larabci guda suka fito. Har ila yau, hanyar warware irin wannan rubutu ta ƙirga yawan maimaituwar haruffa, al-Kindi ne ya bayyana ta a Bagadaza tun ƙarni na 9.

Ta fuskar yaƙi, bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, tsofaffin sarakunanta suka kafa Maraɗi, daga can kuma aka yi ta kawo hari har kudancin ƙasar, musamman a zamanin Ɗanbaskore. Garin da ba ya son a mamaye shi yana cikin noma, tilas ya tura magewayi ya gano inda dawakin abokan gaba suka dosa. Idon magewayi a waje yake, kuma mutanen garinsu yake yi wa aiki, saboda haka sunan bai zama abin kunya ba.

Zamanin Mulkin Mallaka

Turawa ma ba su ci ƙasar nan da bindiga kaɗai ba. Lugga ya yi amfani da fatake da tafintoci masu kawo masa labarin fadoji, irin su Adamu Jakada wanda ya yi zirga-zirga tsakaninsu da Kano. Bayan cin Sakkwato a 1903 aka tarar da wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, Bature Backwell kuma ya buga fassararsu a 1927. Tawayen Satiru na 1906 ya ƙara musu zargi, a wannan shekara ce aka tuɓe Sarkin Katsina Yero aka ɗora Muhammadu Dikko.

Daga nan ne ido ya juyo cikin gida. Da aka zaunar da hakimai a gundumominsu, Galadima a Malumfashi, Sarkin Maska kuma ya koma Funtuwa, labarin haraji da jangali da baƙon malami ya zama yana hawa daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, har teburin Di'o. Zuwan jirgin ƙasa Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, da cinikin auduga, sun tara baƙi masu yawa waɗanda hukuma take son sanin motsinsu. A cikin wannan yanayi ne Hausa ta sami rahoto, da ɗan rahoto, da si'aidi, ta kuma ƙirƙiri ɗan sandan ciki. Bayan kafa NEPU a 1950, kiran mutum ɗan rahoto a taron siyasa ya zama zagi, domin ɗan'uwansa talaka yake kai wa ƙara.

Bayan Mulkin Kai

Gwamnatin soja ta kafa hukumar NSO a 1976, aka raba ta gida uku a 1986, SSS tana ɗaya daga ciki. Sunayen nan haruffa ne kurum, Bahaushe ya karɓe su yadda suke, ya ƙara da nasa lafazin, watau 'yan farin kaya.

Kalma ta baya-bayan nan ita ce infoma. Da ta'asar 'yan bindiga ta yi tsanani a Faskari da Sabuwa da Ɗandume, har aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamba 2020, manoma suka laƙaba wannan suna ga wanda yake sanar da ɓarayin daji wane ne ya sayar da masara ko shanu. A Satumba 2021 aka toshe layukan waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori, don a yanke wannan hulɗa.

Kammalawa

Mun ga cewa magewayi garinsu ya yi wa aiki, ɗan rahoto hukuma ya yi wa, infoma kuwa maƙiyin garin yake yi wa. Hatsarin kalmar ƙarshen nan shi ne, ba ta bukatar shaida kafin ta kama mutum, kuma akan iya rasa rai a kanta kafin a je gaban alƙali. Muna ba malaman tarihi da na harshe shawara su tattara waɗannan kalmomi daga bakin dattawan yankin, tare da labarin yadda magabata suke tantance zargi kafin su yanke hukunci.