Silikon: yadda yake aiki, da abin da ya sa ba kowane iri ne ya dace da kowane aiki ba

Kafin damina ta kankama a wajen watan Mayu, masu gyaran rufi da masu haɗa tagogin alminiyom a Gambaga da Yendi da Salaga da Bawku kan nemi silikon don toshe yoyo. Shi ne kuma ake samu a bakin fidar jarirai da robar bayan waya da bututun fitsari na asibiti. Sunan ɗaya ne, amma kayan iri-iri ne, kuma rashin bambance su na jawo asarar kuɗi, wani lokaci ma har rai.

Asalinsa

Faransanci ya raba abubuwa biyu da ake yawan haɗawa: silicium da silicone. Na farko, wato silisiyom, sinadari ne da ake cirowa daga yashi da farin dutse, kuma bayan oksijin shi ya fi yawa a ɓawon ƙasa, kusan kashi 28 cikin ɗari. Na biyu kuwa kaya ne da ake sarrafawa daga gare shi a masana'anta.

Frederick Kipping na Nottingham a Ingila ne ya raɗa masa suna a farkon ƙarni na 20. A 1940 Eugene Rochow na kamfanin General Electric a Amurka ya gano hanyar haɗa shi da yawa cikin sauƙi, sannan aka kafa kamfanin Dow Corning a 1943 don sarrafa shi.

Yadda aka gina shi

Leda da robar bokiti sarƙoƙi ne na ƙwayoyin kabon. Sarƙar silikon kuwa ƙwayar silisiyom ce da ta oksijin suke bin juna, tsarin da masana ke kira siloksan. Wannan haɗi ya fi na kabon da kabon ƙarfi, shi ya sa rana ba ta saurin cinye shi. Robar silikon na jure sanyin da ya kai digiri 50 ƙasa da sifili da zafin digiri 200, don haka zafin Maris da Afrilu a Bawku, da kan haura digiri 40, bai kai ya dame ta ba. Ruwa ba ya ratsa ta, wutar lantarki ma haka.

Idan sarƙoƙin gajeru ne, sai ya zama mai, irin wanda ke sa man gashi santsi. Idan aka ɗaure su da juna, sai ya zama roba.

A gini da gareji

Na toshe yoyo iri biyu ne. Akwai mai warin finiga, wanda ke fitar da asid yayin daskarewa. Ya dace da gilashi da tayil, amma asid ɗin na cin rufin tutiya da ke kare kwano, daga baya tsatsa ta biyo. Ba ya kuma riƙe siminti da kyau. Wanda ya dace da kwano da siminti da madubi shi ne mai rubutun neutral ko neutre a jikinsa. A Bawku, da ke kusa da iyakokin Burkina Faso da Togo, sanin rubutun a harsunan biyu na da amfani.

Danshin iska ne ke daskarar da shi, daga waje zuwa ciki, kusan milimita 2 zuwa 3 a kwana ɗaya. Saboda haka a lokacin hunturu yakan ɗauki lokaci fiye da na damina, kuma ƙurar da ta kwanta a wurin na hana shi kamawa. Fenti ba ya zama a kansa, sabo kuma ba ya manne wa tsoho sosai, sai an kankare.

Makanikan babur na amfani da mai jure zafi wajen haɗa bakin inji. Sai dai fetur na kumbura shi, don haka ba a toshe tanki ko bututun fetur da shi.

A asibiti

Silikon da aka tace don lafiya jiki ba ya saurin ƙinsa. Da shi ake yin bututun fitsari mai daɗewa da ashanar tsarin iyali ta Jadelle da ake sa wa mata a dantse. Maganin kumburin ciki na simetikon ma daga gare shi yake.

Haɗarin na zuwa ne idan aka sa na masana'anta a jikin mutum. A 2010 hukumomin Faransa sun gano cewa kamfanin PIP na cika robar ƙarin mama da silikon da ba a amince da shi ba, kuma a 2013 kotu ta yanke wa mai kamfanin, Jean-Claude Mas, ɗaurin shekara 4. A 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan allurar ruwan silikon don ƙara girman mazaunai ko mama. Ruwan na iya bin jini ya toshe hanyoyin huhu, kuma da wuya a iya cire shi gaba ɗaya idan ya shiga nama.

Muhalli

Silikon ba ya saurin ruɓewa, kuma ba a narkar da shi tare da sauran robobi a sake sarrafawa. Tun Janairun 2020 Tarayyar Turai ta taƙaita wasu ƙananan nau'o'insa biyu, D4 da D5, zuwa ƙasa da kashi 0.1 cikin ɗari a kayan kwalliyar da ake wankewa da ruwa, saboda suna daɗewa a muhalli.

Ga mai saye a kasuwa, abin dubawa shi ne rubutun jikin kayan: wane aiki aka yi shi dominsa, da ranar da zai lalace, domin na toshe yoyo da ya wuce wa'adinsa kan ƙi daskarewa.