Komawa Gida: Waiwaye Daga Bakin Iyaka

Magabata sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu 'yan asalin Bagudo da neman abinci ya watsa mu a Sakkwato, Kaduna, Abuja da Ikko mukan ɗauki maganar a matsayin gori ne kawai, alhali kuwa tarihin ƙasarmu ya daɗe da fassara ta.

Mu ɗauki Yakubu Nabame. Bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Kabi Karari, a 1831, aka tafi da shi Sakkwato, ya yi shekaru da yawa a hannun waɗanda suka ci ƙasarsu da yaƙi. Daga baya ya koma cikin Kabawa, a 1849 ya ɗaga tutar tawaye. Sai dai Birnin Kabi, gidan kakanninsa da ya faɗi tun 1805, bai sake zama nasa ba. A Argungu sarautar ta kafu, can take har yau. Ya dawo, amma gidan da ya tarar sabo ne, kuma da takobi ya gina shi har ya rasa ransa a 1854.

Namu labarin ya fi kusa da na fatake. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro yakan ƙetare Kwara ta wajen Illo, ya ratsa Bargu ta Kandi da Jugu, ya sauka Salaga. Kowane falke da niyyar dawowa yake ɗaura wa jaki kaya. Da yawa aure da bashi da riba suka zaunar da su a zanguna, jikokinsu na can suna ambaton garin da ba su taɓa gani ba.

Sannan a watan Yuni na 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Faris suka ja layi, ya sauka bakin kogi mil goma sama da mashigar Illo. Ba wanda ya yi ƙaura, amma aka wayi gari ɗan'uwa ya zama baƙo. Abin da ya rage na wannan ciwo mun gan shi a 2019, da aka rufe iyakokin ƙasa: tsakanin Tsamiya da Segbana, zuwa jana'izar kawu ma sai da dabara.

Mu kuwa ba sarki ya tsare mu ba, ba Bature ya raba mu da gida ba. Duk da haka, a cikinmu akwai wanda 'ya'yansa ba su san hanyar Ka'oje ko Lolo ba, kuma rabonsa da gonar mahaifinsa tun ranar rabon gado.