Adon Bangon Gida a Tudun Wadar Zariya: Abin da Tayil Yake Rufewa

Adon bango, wanda magina suke kira zanen gida, sana'a ce ta ƙawata fuskar zaure da cikin soro da siffofin da ake tayarwa ko ake sassaƙawa a jikin yaɓe tun yana ɗanye. Hannu ne kayan aikinta na farko. Kafin tayil ɗin kamfani ya cika kasuwa, da wannan zane ne mai hali yake shelanta arzikinsa a Zariya.

Asalin sana'ar yana hannun maginan birni. Mafi shahara a cikinsu shi ne Malam Mika'ilu, wanda ake yi wa laƙabi da Babban Gwani, maginin Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Har yau akwai unguwa a cikin birni mai ɗauke da sunansa. Adon wancan zamani na cikin gini ne, kuma na sarauta da manyan malamai. Fitowarsa waje, zuwa fuskar gidan ɗan kasuwa, ta yi ƙarfi ne a ƙarni na 20.

A nan Tudun Wada ta shigo. Unguwa ce da ta bunƙasa a wajen ganuwa zamanin Turawa, mazaunin baƙi 'yan Arewa da suka zo ciniki ko aikin gwamnati, kuma a yankinta aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Mutumin da ba shi da gādon sarauta a gari, sai ya bar bangon gidansa ya faɗi matsayinsa. Shi ya sa ban da dagi da takobi da sandar girma, aka riƙa ganin keke da agogo da mota da jirgin sama a jikin zauruka. Wannan ne ya ja hankalin Anthony Kirk-Greene, wanda ya wallafa ɗan littafi kan gidajen Zariya masu ado a 1963. Daga baya Friedrich Schwerdtfeger ya yi dogon nazari a kansu.

Yadda ake aikin ya cancanci a tsaya a kai, domin a nan gwanintar take. Bayan an ɗora bango da tubali, sai a yaɓe shi, magini ya zana siffar da yatsa, sannan ya bi ta da kwaɓaɓɓiyar ƙasa har ta taso. Don kada ruwan sama ya cinye ta, akan shafe ta da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, haɗin katsi na marina da gashin dabba da dafara. Ke nan marina da majema suna da hannu a kowane bango mai kyau, kuma mutuwar karofi ta taɓa magini kai tsaye. Da siminti ya samu, sai wasu suka koma karce zane a jikinsa suna bi da fenti. A cikin soro kuwa, akan manna tasa ko faranti mai ƙyalli a tsakiyar ɗaurin guga, abin da ya fi kusa da tayil ɗin ado a ginin Hausa.

Matsalar wannan gādo ita ce ba a iya ciro shi a adana. Mai tara tayil ɗin hannu na Maroko ko Turkiyya yana iya sa shi a akwati ya ƙaura da shi; zanen ƙasa kuwa ransa yana tare da bangonsa. In aka bar shi damina biyu ko uku babu gyara, ya fara zubewa. In magada suka raba gida, ko aka rushe zaure don a fitar da shaguna, shi ke nan.

Hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana da ikon ayyana gini a matsayin abin tarihi, amma gidan talaka mai zane ba kasafai yake samun wannan kariya ba. Shi kansa masallacin Babban Gwani an lulluɓe shi da ginin kankare a shekarun 1970, kuma mai son ganin cikakkiyar surarsa ta dā sai ya je Jos, inda aka gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya. Dagi dai ya tsira, tun da ya zama tambarin Arewa. Ana ganinsa a ƙofar ma'aikatu da kan takardun ƙungiyoyi, mafi yawa an buga shi da inji.